Mangwaron Marigayi

Shafi na 31

Wannan shafin naki ne Nana Aisha ta Azare, ke da kika ce in na sake sa Kellu kuka sai kin biyo ni har gida. To ki ɗauko mayafinki, ina zaune a tsakar gida ina jiran ki. Masu zagin ta a sharhi kuma ku sassauta, ba ku san abin da yarinyar nan take haɗiya ba.

*

Kellu na durƙushe a bakin famfo tana cuɗa yunifom ɗinta, sai ga Zulaiha a guje, hijabi a hannu, silifas ƙafa ɗaya.

"Kellu! Albishirinki!"

"Goro," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Bishiyarki ta yi ɗa! Wallahi har ya nuna, jajir da shi, can ƙololuwa bayan ganye!"

Sabulun ya suɓuce daga hannun Kellu ya faɗa kwata.

"Ƙarya kike."

"Ni da na gani da idona? Ke wace irin mutum ce, ana miki albishir kina zare ido kamar an ce gobara?"

Ai gara gobarar a wajen Kellu.

Duk yarinyar da makarantar mishan ɗin nan ta ɗauka a tallafin marayu, ranar da ta fara kwana a hostal, Mama Larai mai kula da ɗalibai za ta ja hannunta zuwa lambun baya, ta ba ta dashe ta shuka da sunan mahaifinta. A rataya ɗan allon kwano a jiki, a rubuta sunan mamacin. Musulma ce ke ko Kirista, ba ruwan Mama Larai. Ke za ki riƙa ba ta ruwa kullum, in kin zuba ki ce Allah ya jiƙansa. Ranar da ta fara 'ya'ya kuwa, na farkon ba a cin sa. Sadaka ake yi da shi, ladan ya je wa mai sunan.

Tun da bishiyar Kellu ta fara fure bana take zagayawa da kara in ba kowa, tana kakkaɓe 'ya'yan tun suna kamar gujjiya. In an tambaya ta ce iska ce. So take ta rubuta jarrabawar fita ta bar makarantar nan ba a yi wannan sadakar ba. Ashe guda ya ɓuya mata.

Dalili kuwa, mai sunan yana nan da ransa.

Lokacin da aka ɗauke ta ba ƙarya aka yi ba. 'Yan bindiga ne suka tare motarsu Malam Bunu, mahaifinta, a hanyar tafki ya je sarin kifi, shiru shiru, har aka yi masa sallar da ake wa wanda ba a ga gawarsa ba. Ya Fanna, mahaifiyar Kellu, ta yi takaba, ta kwaso yara suka dawo Azare. Sai a hutun bara, Kellu na tankaɗe a tsakar gida, wani ramamme mai ɗingishi ya yi sallama da muryar da ba ta taɓa mantawa ba.

An yi kuka, an yi sujadar godiya. Da aka natsu shi da bakinsa ya ce kada wanda ya sake makaranta ta ji.

"Saura kaɗan ki gama," ya ce. "Ni da na mutu shekaru, in na ƙara 'yan watanni me zai ci ni?"

Kuma yana da gaskiyar tsoro. Kellu na nan aka kori wata ɗaliba Ikhlas da aka gano ubanta na raye yana noma a Yana. Masu ba da tallafin sun ce na marayu ne, marayu kawai. Mama Larai da kanta ta ɗauki akwatin Ikhlas ta kai geti, tana tafe tana share hawaye, amma ba ta ce a bar ta ba.

"Kin gaya wa wani?" Kellu ta tambaya.

"Mama kawai."

"Zulaiha!"

"To me? Har rawa ta taka! Ta ce yau ɗin nan za a fitar da sadakar, kada jemage ya riga mu."

Zulaiha ta tsuguna ta tsamo sabulun daga kwata ta ɗauraye mata. Sai muryarta ta sauka.

"Ke kam kin dace. Ni gwaibata har yau ko fure. Wataƙila Babanmu fushi yake da ni."

"Ki bar faɗar haka."

"To ina nan ina cin shinkafa ina karatu, ƙanwata Khaulat na can Chinade da farantin awara a ka. Bana ma an ce babu gurbi. Sai wata ta fita wata za ta shiga."

Kellu ta dulmiya hannuwanta cikin kumfa ta ci gaba da cuɗa. Ta san gurbin wa ta tare. Kullum in Zulaiha ta ambaci ƙanwar nan sai Kellu ta ji kamar ita ta ɗora mata farantin.

Daidai nan hon ɗin keke napep ya yi ƙara a bakin geti.

Asabar ce. Shaf ta manta.

*

Malam Bunu bai iya haƙurin wata da watanni bai ga 'yarsa ba. Shi ya sa da ya samu keken haya ya yi ta naci har aka ba shi aikin kawo kayan miya kicin ɗin makarantar duk Asabar. Ba wanda ya taɓa tambayar sunansa. Malam Mai Keke, shi ke nan. Ita kuma Kellu ta nemi a ba ta shugabancin kicin, aikin da kowace ɗaliba ke gudu. Ya sauke, ta karɓa, su yi gaisuwar baƙo da baƙo. Da wannan suke rayuwa.

Ta tarar da shi a ƙofar sito yana jan buhun albasa da ƙafarsa mai ciwo, safar hannun nan tasa ta masu acaɓa a hannu duk da zafin da ake zubawa.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce da ƙarfi.

"Yawwa 'yan mata. An tashi lafiya?"

Ta kama kunnen buhun, suka shige sito. Nan ta sauke murya.

"Baba, ka tafi yanzu. Kada ka tsaya shan ruwa."

"Wa kike kira haka?" ya ce a hankali, yana waigen ƙofa. "Sau nawa zan gaya miki?"

"Don Allah ka tafi."

"Me ya faru? An gane ne?"

"A'a."

"To mene ne? Kin rame, Kellu. Karatun ne? Ga dabino inji uwarki, ta ce ki riƙa ci da safe."

Ya zaro ɗan ƙullin leda daga aljihu ya cusa mata. Ta karɓa. Ba ta taɓa gaya masa zancen bishiyar ba. Ta yaya za ka dubi mahaifinka ka ce kullum da safe kana tsayawa cikin mutane kana cewa Allah ya jiƙansa? Tun da ya dawo leɓe kawai take motsawa, a zuci tana cewa Allah ya ƙara masa lafiya. Ko Ya Fanna ba ta sani ba.

"Malam Mai Keke!"

Kellu ta juya da sauri.

Mama Larai ce ta cika ƙofar sito, ɗaurin ɗankwalin nan nata na zumuntar matan coci ya karkace don sauri, sai haki take tana dariya.

"Kai, Ubangiji mai shirya abu! Ina tunanin wa za mu ba, sai ga ka. Malam, ara mana minti kaɗan."

"Mama, yana sauri ne," Kellu ta yi caraf. "Ya ce fasinja na jiran sa."

"Fasinja ya jira. Ko ba haka ba, Malam?"

"Yadda kika ce, Mama," ya amsa yana sunkuyar da kai.

"Mama, a ba maigadi mana."

"Maigadi ya sha na mutum nawa? Haƙoransa ma sun ƙare. Wannan bawan Allah kullum yana mana wahala da ƙafa ɗaya, ko tsinke bai taɓa ɗauka ba. Shi ya dace. Wuce mu je, 'yata."

*

Bai taɓa shiga lambun ba, don bayan ɗakunan 'yan mata yake. Yana tafe yana ɗingishi yana kallon bishiyoyi, kowace da ɗan allonta na kwano yana lilo.

"Wannan duka na mene ne, Mama?"

"Iyayen yaran nan ne," ta ce. "Wasu ba su san inda kabarin ubansu yake ba. Na ce to ga wurin da za ku zo ku yi magana da shi."

Zulaiha har ta hau ta tsinko. Ta sauko da shi a tafin hannu biyu kamar ƙwai. Wasu 'yan aji shida sun ji labari sun taru, ana ta murmushi.

Mama Larai ta tsaya a gindin mangwaron, ta goge allon da bakin zaninta.

"Ka iya boko, Malam?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To bari in karanta maka. Marigayi Bunu Sherif."

Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na numfasa.

Malam Bunu bai motsa ba. Idonsa ya tsaya a kan allon. Fentin ya koɗe, an sake bin sa da sabo, rubutun Kellu ne. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya dubi 'yarsa.

Kellu ta so ƙasa ta tsage.

"Mahaifinta ke nan," Mama Larai ta ci gaba, ba ta lura da komai ba. "Ranar da muka shuka ta, yarinyar nan ba ta kai kafaɗata ba. Ta yi kuka har ta shiɗe a jikina. Ta ce Babanta in ya dawo daga sarin kifi mangwaro yake kawo mata a hula. Shi ya sa ta zaɓi mangwaro. Rani da damina ba ta taɓa fashin ba ta ruwa ba."

"Allah sarki," ya ce. Muryar ta fito a dushe.

"Ka ga waccan bishiyar lemon ta kusa? Tawa ce. Ishaya, maigidana. Shi ma hanyar can ta cinye shi, direba ne. Ko takalminsa ba a kawo min ba."

Ta jawo Kellu jikinta.

"Shi ya sa nake jin yarinyar nan kamar ni na haife ta. Ciwonmu ɗaya. Wani lokaci in na ji an buga geti sai gabana ya faɗi, in ce ko shi ne. Ka ga wautar tsufa. Malam, da nawa zai dawo, ko gurgu ne, ko makaho, wallahi da sai na hau tsakiyar kasuwar Azare na yi shela, kowa ya ji."

Hawayen Kellu suka ɓalle.

"Yi kukanki, 'yata," Mama ta ce tana bubbuga bayanta. "Yau ranar kuka ce. Ni na riga na yi magana da masu tallafi, na tsaya miki. In jarrabawa ta yi kyau har makarantar jinya za su kai ki. Na ce musu wannan in ta yi muku ƙarya ku kore ni tare da ita."

Kowace kalma kamar ana ɗiga mata ruwan zafi. Da zagin ta Mama Larai ta yi da ya fi mata sauƙi.

"Karɓi, ki ba shi da hannunki. Hannun dama."

Zulaiha ta ɗora mata mangwaron. Kellu ta miƙa. Ɗan yatsanta na shida, cindon nan da ke gefen ƙaramin yatsa, ya fito fili. 'Yan aji sun gaji da tsokanar ta a kansa tun tana aji ɗaya. Mama Larai ce ta hana, ranar da Kellu ta gaya mata gadon Babanta ne, shi ma yana da shi a hannun dama, kakarsu ce ta hana a yanke.

"Ki faɗa mana," Mama ta tuna mata.

Kellu ta sunkuyar da kai.

"Ce, ga sadaka, Allah ya kai ladan ga Babana."

"Ga... ga sadaka."

Malam Bunu ya miƙa hannu biyu sanye da safa ya karɓa. Ya ɗan rusuna mata, kamar yadda mabuƙaci ke wa mai bayarwa.

"Na gode, 'yan mata. Allah ya karɓa."

Ya juya zai tafi. Kellu har ta fara sauke numfashi.

"Tsaya, Malam, saura ɗaya."

Ya tsaya.

"Ka ga ni Kirista ce. Kullum ina sa shi a addu'ata, amma irin tamu. Shi kuwa Musulmi ne, ya kamata a yi masa irin tasa. Da malamin da ke zuwa koya musu addini yana nan da shi zai yi, to sai Litinin. Kai dattijo ne. Ka yi masa addu'a, yaran nan su amsa."

"Mama, ni ba malami ba ne."

"Sai malami ke roƙon Allah? Haba, Malam. Dubi marainiyar nan."

Ya dubi marainiyar.

Kellu ta girgiza masa kai a hankali. Kada ka yi. Shi kuma ya ɗan lumshe mata ido, irin yadda yake mata tana ƙarama in za a yi mata allura. Daure.

Ya sa mangwaron a aljihun gaba. Ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya. Ya ɗaga hannu.

'Yan mata Musulmi suka ɗaga nasu. Kiristocin suka sunkuyar da kai. Mama Larai ta rufe ido ta haɗa tafukanta a ƙirji.

Ya yi salati. Ya tsaya. Sannan ya fara.

"Allah ya jiƙan Bunu."

"Amin."

"Allah ya gafarta masa kurakuransa."

"Amin."

"Abin da ya bari a baya, Allah ya raya. Allah ya sa kada ya zame musu sanadin tozarta."

"Amin," Zulaiha ta fi kowa ɗaga murya, tana kuka, don ita nata uban take gani.

"Allah ya..." muryarsa ta karye. Ya sake tattaro ta. "Allah ya kai haske kabarin..."

"Baba, bari!"

Ihun ya tashi tsuntsaye daga kan lemon.

Kellu ba ta san lokacin da ta fizge daga jikin Mama Larai ba. Sai ganin ta aka yi ta riƙe hannuwansa biyu ta danne su ƙasa.

"Kada ka ƙarasa! Don girman Allah kada ka ƙarasa! Na gaji, Baba, wallahi na gaji!"

Duk ido ya dawo kansu.

Zulaiha ta sauke hannunta a hankali.

"Kellu... wa kike ce wa Baba?"

Malam Bunu ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya zame hannunsa daga nata, ya ja da baya taku guda, har da ƙaƙalo dariya.

"Ayya. Mama, ku riƙe ta, ruɗewa ta yi. Haka maraya yake, duk mai furfura uba ne a wajensa."

"Baba..."

"'Yan mata, yi haƙuri. Ni ban san ki ba sai a sito. Ni ko 'ya mace ba ni da ita."

Ya faɗa yana kallon gefe. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan aljihun da mangwaron yake.

"Ka ji ko," wata daga baya ta ce. "Zafi ne ya taɓa ta."

"A kawo ruwa," inji wata.

Hanya ta buɗe wa Kellu. In ta yi shiru, in ta zube ƙasa ta yi kamar ta suma, shi ke nan, an wuce wurin. Jarrabawa saura 'yan makonni. Makarantar jinya na jiran ta. Abin da idonsa ke roƙon ta ke nan.

Ta dubi Zulaiha. Ta dubi allon kwanon. Ta kasa duban Mama Larai.

Ita kuwa Mama Larai ba ta ce a kawo ruwa ba. Ba ta taɓa Kellu ba. Tun ɗazu idonta na kan hannun yarinyar, daga nan ya koma kan baƙar safar da ba ta taɓa ganin mutumin nan ya cire ba, sanyi da zafi.

Dariyar nan tata ta ɗazu babu ko alamarta.

"Ku koma hostal," ta ce wa 'yan matan. Ba wadda ta motsa.

Ta tako har gabansa. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce.

"Malam."

"Na'am, Mama."

"Cire safar hannunka."

Ya kai hannu zai zare ta hagu.

"A'a," Mama Larai ta ce. "Ta dama."